Shekarar da Aka Ce Iska Ce

Rakiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta dawo daga kasuwar Bonkuku fuska a murtuke, ta ajiye kayan miya, ta ce wata mai sayar da daddawa ta nuna ta da baki, ta ce wa abokiyar zamanta ga ɗiyar ɗan sandan nan da ya kama kawunsa. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne. Ta tsaya tana jira in ƙara wani abu, ni kuwa na juya na ci gaba da gyaran radiyona, domin ba magana ce ta tsaye ba. To ga ta nan yanzu, ke da yayyenki duka. Ba roƙon gafara nake yi ba, kuma ban ce ku je ku yi faɗa da kowa a kaina ba. So nake ku ji abin daga bakin wanda ya tsaya a wurin.

Kawu Arzika wan mahaifiyata ne. Ubana ya rasu tun ban yi famfara ba, Kawu ya zo ya ɗauke ni a wuya ya kai ni Marken Toro, ƙauyensu da ke ɗan nesa kaɗan da Filinge. Tare na tashi da ɗiyarsa Kande, ƙwarya ɗaya muke sha. Azne ne, bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba har ya bar duniya. Shi ke riƙe da tsafin ƙauyen: shi ke yanka kafin shuka, kuma in wani abu ya rikice wa mutane shi ke kiran wasa, a zo da mai goge da masu kiɗan ƙwarya, iskoki su hau mutanensu su faɗi abin da suke so. Amma wannan mutumin ne ya ja hannuna ya kai ni lakwal, makarantar boko, lokacin da maƙwabta ke ɓoye nasu ƴaƴan cikin rumbu. Da na fara salla kuwa, shi ke shurina da ƙafa da asuba, yana cewa tun da na ɗauka sai in riƙe. Kun taso a bariki, daga wannan gari zuwa wancan, ba ku san shi ba sai a matsayin tsohon nan mai aiko mana da gero da wake. Ni uba na sani. Shi ya sa da aka maido ni gida a ƙarshen aikina na yi murna har na yanka rago, ina tsammani alheri aka yi mini.

Shekarar korona ta same mu da doka a kan doka. Tun kafin ciwon muna cikin dokar ta-ɓaci saboda masu bindiga da ke ɓarna wajen iyaka, an hana hawa babur, mai haƙuri ma sai a amalanke ake kai shi likita. Sai ga ta biyu ta sauko: a rufe lakwal, a rufe masallatai, a hana taro, a rufe Yamai ba shiga ba fita. Waɗanda suka rubuta wannan duka cikin ɗaki mai sanyi ba su tambayi kansu wa zai tsaya a rana ya tsare ta ba. Samarinmu masu ƙarfi an kwashe su, wasu iyaka, wasu Yamai. Jandarmomi, waɗanda ƙauyuka ke hannunsu, su ma an kwashe, sai aka jibga mana ƙauyukan kusa a kan namu aikin. Muka rage ni mai ciwon gwiwa, da wani mai hawan jini, da sabbin fita horo biyu da ba su san ko hanyar kasuwa ba, sai shef, wato shugabanmu, wani matashi baƙon ƙasar nan da ba ya barci saboda waya. Lokacin ajiye aikina ya yi a farkon bazarar nan. Aka ce in dakata, ƙasa tana bukatata. Shekara da shekaru ƙasa ba ta san da ni ba, na ga yaran da na koya wa ɗaura bel sun zama shugabannina, sai ran da aka rasa mai tsayuwa a rana aka tuna da ni Gado.

Mu ne masu tare hanya, mu ne masu korar mutane daga bakin masallaci, mu ne masu raka mai shela. Mai shelar nan aka ɗora a bayan motarmu da amsa-kuwwa, bayan wani ya juya masa takardar likitoci daga faransanci. Ni ke tuƙi. Muka bi gari, muka bi ƙauyuka, yana ta kwarara murya.

"Jama'a, ku ji! Wanga ciwo iska ka kawo shi! Iska shika bi shi shiga mutum! Likita ba shi da maganinai! Kowa shi zamna gida!"

A cikin gari kowa ya ji iskar da ake shaƙa. A Marken Toro kuwa, inda kowace tsamiya ke da mai ita, kalmar nan abu ɗaya take nufi in an haɗa ta da ciwo. Tsofaffin mata suka ji da kunnensu gwamnati ta zo har ƙofar gida da mota ta ce iska ce, kuma likita ya kasa. Ba a yi kwana nawa ba labari ya iso mini cewa an sayi baƙin bunsuru, an aika wa mai goge, za a yi wasa a gindin tsamiyar da ke bayan gonaki. Na cire kaki, na sa riga ta gida, na taka da ƙafa na je na sami Kawu yana tufkar igiya a ƙarƙashin gawo.

"Gado, kun gama yawo da motarku?"

"Kawu, magana niz zo da ita. Iskar da anka hwaɗi, ta hanci ta, ba ta tsamiya ba."

"Kai ka gan ta?"

"A'a."

"Likita shina da magani?"

"Babu tukuna."

"To. Abin da ba a gani, shi shiga mutum, shi kada shi, likita shi ce ba shi da magani. Mi sunanai nan ƙasarmu ta Kurhwai? Malamai kun ruhe musu ɗaki. Mu ma mu naɗe hannu mu jira?"

"Doka ta hana taro, Kawu."

"Ba taro za mu yi ba. Tambaya za mu yi."

Na yi bayani har yawuna ya bushe. Ya saurare ni kamar yadda yake saurarena ina yaro in na dawo daga lakwal da labarin duniya tana juyawa, yana gyaɗa kai yana tufkarsa. Ina jin ya fahimci abin da nake nufi sarai, Kawu ba wawa ba ne. Amma mutanensa sun tsorata, kuma a wurinsa wanda ke riƙe da tsafi ba ya ce wa masu tsoro su je su wanke hannu da sabulu. Ya sa Kande ta kawo mini fura, na sha, na koma gida rai a ɓace.

A gida ma ba sauƙi. Uwarku Hadiza ɗiyar malam ce, kun sani, kuma rufe masallacin nan ya ci mata rai fiye da kowa.

"Baban Isuhu, babana tun da shike bai taɓa rasa jam'i ba, yau shina salla cikin ɗaki awa mara lahiya. Ku kunka yi mishi haka. In kunka bari goge ya yi kuka, wallahi garin ga ba shi zamna lahiya."

Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba. Dattawan gari suka yi ayari suka je wurin shef, suka ce in doka ta kowa ce a nuna musu, in kuwa ta masu salla ce kaɗai su ma sun san abin da za su yi ranar Juma'a. A wasu garuruwa an riga an ƙone tayoyi a kan maganar masallaci, shef ya san haka. Ranar wasan da hantsi ya kira ni. Da faransanci ya yi maganar, ga ta da Hausa.

"Baba Gado, ba ni da mutane. Ba zan tura sabbin nan biyu su kaɗai cikin jama'a masu wuƙaƙe ba. In na bari aka yi, gari zai tashi. Abin da ya rage mini shi ne in buga waya sama in ce akwai taro a daji. Ka san waɗanda za a turo."

Na sani. Motocin sojoji na ratsa mu kullum a lokacin, yara ne daga nesa, ido ja, ba su daɗe da bizne ƴan uwansu ba. An gaya musu duk taron da suka gani a daji su ɗauke shi na abokan gaba. Ba su san goge ba, ba su san me ya sa mace za ta taso musu da gatari tana kuwwa da muryar namiji ba. Ban ce da sun je za su yi harbi ba. Ban sani ba, har yau ban sani ba, kuma rashin sanin nan shi ke cina. Abin da na gani a idona a lokacin shi ne Kawu a tsaye da wuƙar yanka a hannu, da yaro mai bindiga yana daka masa tsawa da harshen da ba ya ji. Na ce wa shef kada ya buga waya, ya aike ni. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce in watsa taron in zo da shugabansu, don dattawan gari su ga an yi wani abu. Ya ce gargaɗi kawai za a yi masa, kafin rana ta faɗi yana gida. Na yarda da shi, kuma ina jin shi ma ya yarda da kansa.

Da na biya gida in sa takalman aiki, Hadiza ta ga fuskata ta gane. Ita da ke ta faɗa a kan goge, sai ga ta ta riƙe mini hannun riga.

"Ba kai ba. Ka ce gwiwarka ta tashi, ka kwanta. A aiki wani."

"Wane wani, Hadiza? Nuna min shi."

Ta sake ni, ta koma ta zauna a bakin murhu.

Bayan azahar muka isa, ni da ɗaya daga cikin sabbin. Na tsayar da mota nesa, na ce ya bar bindiga a ciki. Wasa ya riga ya yi zafi. Mai goge na zaune, masu ƙwarya na gefensa, an yanka bunsuru, mata biyu sun riga sun hau suna birgima cikin rairayi, ɗayarsu Kande ce. A bakin fili na cire takalmana, domin ba a shiga wurin da takalmi, kuma ban manta ba. Ina so ku riƙe wannan: ban taɓa goge ba, ban ɗaga wa kowa hannu ba, duk wanda ya ce muku na fasa ƙwarya ƙarya yake yi. Amma ban bukaci yin komai ba. Mai goge na ganin kaki hannunsa ya tsaya, masu ƙwarya suka bi shi, wurin ya yi tsit. Ku ba ku san nauyin wannan ba. Ba a yanke kiɗi alhali baƙi, wato iskoki, na bisa mutane, sai an sallame su sun sauka da kansu. Kande ta tsaya a durƙushe, baki buɗe, ba ta nan kuma ba ta can. Kawu ya ajiye wuƙa ya tako har gabana.

"Gado. Kai anka aiko?"

"Ni nic ce a aiko ni, Kawu."

Abin da na faɗa ke nan, gaban kowa. Na so ya ji cewa na tare masa wani abu da ya fi ni muni. Ban samu na ƙarasa ba, domin wata tsohuwa ta rafka salati irin nasu, aka ɗauki hayaniya. Abin da ƙauye ya ji, kuma ya adana har yau, shi ne ba a tilasta wa Gado ba, shi ya roƙa a ba shi kawunsa. Kawu ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya ya ce wa mai goge ya sauko da baƙi a hankali, ya ce wa jama'a kowa ya tafi gida. Ya ɗauki sandarsa ya nufi mota da ƙafarsa, ni ina bayansa da takalma a hannu.

Rana ta faɗi Kawu bai koma gida ba. Kafin mu iso, labari ya riga ya hau sama ta bakin wani mai son a san shi, aka bugo wa shef waya aka ce duk wanda aka kama da karya dokar ta-ɓaci ba a sakinsa sai mai hurumi ya sa hannu. Mai hurumin kuwa rufe Yamai ya rutsa da shi can, wanda ya kamata ya riƙe masa wuri an killace shi saboda ciwon. Babu wani. Kullum amsar ke nan a shekarar, babu wani. Aka sa Kawu a kaso, ɗaki ɗaya tal da muke da shi, wanda aka gina don ɓarayin awaki biyu ko uku. A lokacin yana cike maƙil da waɗanda aka kama a kan babur, da direbobin da suka sato hanya daga Yamai ta daji, kafaɗa na gugar kafaɗa, cikin zafin bazarar da ke sa kwano ya yi ƙara. Mu da muka kamo tsoho don ya tara mutane a fili, ƙarƙashin itace, inda iska ke kaɗawa ta ko'ina. Na roƙi shef a bar shi ya zauna a baranda, ni in tsaya masa. Ya ce in babba ya biyo ya gani, mu biyu za mu shiga ɗakin. Yana faɗa yana kallon ƙasa, amma bai buɗe ƙofa ba.

Ni ke gadin ɗakin da rana, don babu mai canjina. Ina miƙa masa fura ta tagar ƙarfe, yana karɓa, yana sha, yana miƙa wa na kusa da shi. Bai zage ni ba ko sau ɗaya, da ma ya zage ni. Wata rana ya leƙo, gumi na zuba daga gemunsa, bayansa wani direba na ta tari.

"Gado, in tambaye ka, kai da kas san doka. Wanga taro namu na ciki, shi bai karya ta ba?"

Ya yi ƴar dariya ya koma ya zauna.

Da aka samu mai sa hannu, aka sake shi ba shari'a ba komai, aka ce an yi masa afuwa. Ya fito yana tari. Na ce in kai shi likita, ya ce ya ji a shela likita ba shi da magani. Na ce in kai shi gida da mota, ya ce ya shiga motata sau ɗaya, ya isa. Amalanken wani mai itace ya hau. Na bi shi ƙauye sau biyu, sau biyun ana ce mini yana barci. Bai ga ruwan shuka ba. Ba wanda ya gwada shi, don haka ba ni da abin da zan ce muku ko korona ce, ko zafin ɗakin ne, ko tsufa. Mutanen Marken Toro su ba su da shakka, sun ce an yanke wa baƙi kiɗi, sun ɗauki mai gidan. Ba da daɗewa ba aka buɗe masallatai, aka buɗe Yamai, dattawan da suka yi ayari suka koma sahunsu lafiya lau. Samarinmu suka fara dawowa, sai aka tuna lokacina ya wuce, aka kira ni aka yi mini godiya da lemo mai sanyi. Dokar da ta ci Kawu ba ta kai kaka ba. Wannan ne ba na iya haɗiyewa.

Labarin rasuwarsa a kasuwa na ji, daga bakin mai sayar da igiya, an riga an bizne shi. Na tafi da rigar gida. A al'adarmu ɗan ƙanwa ba ya zuwa gaisuwar kawunsa, shi ake yi wa gaisuwa. Wurinsa na kan tabarmar masu gida, kuma yana shiga har ɗakin mata ba sallama. Na tarar da maza zaune a ƙofar gida, na wuce su zan shiga ciki kamar yadda nake shiga tun ina yaro. A bakin darni Kande ta tare ni. Ita taubashiyata ce, tsakaninmu ba a gaisuwar kirki, tun muna yara ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai bawana, ko a gaban manyana na aiki. Ranar ta fito da ruwa cikin kwanon baƙi, ta durƙusa har ƙasa, ta miƙo mini da hannu biyu, ba ta dubi fuskata ba, ta kira ni mushe, wato yallaɓai da faransanci, yadda ake kiran baƙon ma'aikaci.

"Sannunku da zuwa, mushe. Mun gode da kunka taka. Ga tabarma can wurin baƙi."

"Kande, ni na. Gado na."

"Mun gane ku, mushe. Allah shi ba da lada. In kun koma a gaida mutanen gida."

Na juya na dubi mazan da ke kan tabarmar masu gida, waɗanda muka yi kiwo tare, muka yi kaciya rana ɗaya. Ba wanda ya matsa. Na karɓi ruwan na kurɓa, na je na tsuguna inda ta nuna, tsakanin wani mai sayen fata da wani Bazabarme da ya biyo hanya. Na buɗe baki na yi musu gaisuwar mutuwar ubana, na ce Allah shi ba su haƙuri. Suka amsa gaba ɗaya, da ladabi, suka ce sun gode.